Fentin da Na Shafa wa Laraba

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da Laraba ta faɗi ba, kuma ko ana sayar da mantuwa a kasuwar Suleja ba zan saya ba. Laraba goɗiya ce, ba mutum ba, kada wani ya fara salati. Ku sababbin da aka ɗauka bana, na ji kuna tambaya a bayan idona, wai me ya sa mai furfura kamar ni yake kwasar kashin doki, alhali waɗanda ya koya wa ɗaura sirdi su ke ba shi umarni. Shi ya sa na zauna na rubuta, in hutar da ku gulma. A aji biyu na sakandare na tsaya, saboda haka wanda ya zo neman Hausar littafi ya yi gaba.

Sunana Isuhu, gidanmu na Kurmin Sarki. Shekarata goma sha shida a gonar dawakin nan ta hanyar Izom. Ga wanda bai san tsarin wurin ba: akwai maigida, wani babban mutum ne a Abuja, bai fi sau uku muke ganinsa a shekara ba. Ƙarƙashinsa manaja, Oga Bitrus. Ƙarƙashin manaja shugaban barga, wato mai kula da cin dawaki da shansu da lafiyarsu, kuma shi ke cewa wannan dokin zai yi aiki yau, wancan ba zai yi ba. A lokacin ni ne. Sai masu jan doki, sai na ƙarshe, masu shebur, inda nake yanzu. Likitan dabbobi ba namu ba ne, sai an kira shi.

Da can dawakin na sha'awar maigida ne kawai. Da dusa da harawa suka yi tsada, sai aka buɗe ƙofa ga mutanen Abuja su riƙa kawo 'ya'yansu bikin ranar haihuwa, abin da suke kira bazde. Kowane biki da irin shigarsa. Yau a sa wa yara hular kaboyi, gobe a ce duk 'yan fashin teku ne, a rufe musu ido ɗaya da ƙyalle. Mu dai namu jan ragama ne da murmushin dole.

Hawan yara yana da ƙa'ida, kuma ni na kafa ta a wurin nan. Mutum biyu ne a kan doki ɗaya: ɗaya ya riƙe ragama, ɗaya ya bi gefen yaro. Mai ragama ba ya sakinta ko sama za ta faɗo. Bayan kowane yara biyar a kai doki inuwa, a sassauta majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, a jiƙa masa wuya da ƙirji, a ba shi ruwa kaɗan. Kafin ka ɗora wani yaron kuma, ka sa tafin hannunka a wuyan dokin. Doki ba kare ba ne da zai zaro harshe ya huce. Ta fata yake fitar da zafi. In ka ji gumi, lafiya lau. In rana na dukansa ka ji wuyan a bushe, sauke sirdi, aikin ranar ya ƙare.

Laraba ja ce. Ranar wata Laraba na sauke ta daga mota da hannuna, shi ne sunan ya bi ta. A lokacin da nake ba ku labari ta haura shekara ashirin, haƙoranta sun suɗe, sai na jiƙa mata dusa da ɗan kanwa take iya ci. Amma ban taɓa ganin dabba mai haƙurinta ba. Yaro ya ja mata wutsiya, balan-balan ya fashe a ƙarƙashin hancinta, ko kunne ba ta kaɗawa. Duk yaron da bai kai shekara bakwai ba, a bayanta nake ɗora shi.

To akwai wasu mutane da ke zagaya gonaki da babbar mota, suna sayen tsofaffin dawaki da jakuna su yi kudu da su. Kowa ya san ba hawa za a je a yi ba. Nama ne. Sau biyu maigida yana aiko da cewa tsohuwar nan ci kawai take yi, a ba masu mota. Sau biyu ina zuwa ofis ina roƙo, ina cewa ita kaɗai ce ta ƙananan yara. Haka muke, ni da ita, rai a hannun wani.

Shekara uku ke nan, cikin watan Maris, tsakiyar bazara. Ranar Litinin wata mata ta zo daga Abuja, aikinta shirya wa masu hali biki. Anti Bilki ake ce mata. Ba ta kai ƙanwata ta uku ba a shekaru, amma tafe take tana nuna abu da makullin mota. Ta miƙo mini waya har kusa da hancina. Hoton wani farin doki ne na katun, da ƙaho ɗaya a goshi.

"Baba, irin wannan nake so ranar Asabar. Yunikon."

Na ce, "Hajiya, doki ba ya ƙaho."

"Ai na sani, Baba, ƙahon ni zan kawo. Fari nake so. Fari tas."

Muna da fari ɗaya, ingarma, muna ce masa Janar. Ya taɓa cire wa wani mai shebur tsoka a kafaɗa. Tana ganinsa ta tafa hannu, wai shi ne. Na ce mata in aka ɗora ɗan mutane a kan Janar, to a fara haƙa kabari biyu, na yaron da nawa. Oga Bitrus ya goyi bayana a nan, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai ta juya makulli ta ce to akwai wata gonar a hanyar Kaduna. Oga ya share goshi ya ce, "Madam, tsaya. Isuhu, ba za a iya mayar da Laraba fara ba?"

Za a iya. Farar ƙasa ake damawa da ruwa a shafa, ba ta hana gumi, kuma guga biyu na ruwa sun wanke ta. Ranar Juma'a da safe na shafa mata, ta yi kyau ba laifi. Anti Bilki ta zo dubawa sanye da baƙar doguwar riga. Ta jingina da ita don a ɗauke su hoto, ta ɗago, gefen rigar ya zama kamar ta fito daga injin niƙa.

"Kai! Baba, wannan ba zai yiwu ba. Ka san daga ina aka kawo rigar yarinyar? Uwarta ta ga wannan a jikinta, na mutu."

Ta waiga. A makon ne aka yi wa shingen fili sabon fenti, fari, irin na mai, mai sheƙi. Ta je ta goga yatsa a kai, ta duba yatsan.

"Wannan fa? Ai wannan ba ya goguwa."

Muka yi dariya, har da ni. Na ɗauka raha ce irin ta 'yan birni. Da na dubi Oga Bitrus na ga shi ba ya dariya.

Ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce in zauna. A shekara goma sha uku bai taɓa ce mini in zauna ba.

Ya ce, "Uban yarinyar nan abokin maigida ne. Maigida da kansa ya kira ni yanzu."

"Oga, fentin mai ne. Zai toshe mata fata. A wannan ranar dafa ta za mu yi da ranta."

"Awa uku ne fa, Isuhu. Sha ɗaya zuwa biyu. Ana tashi ku wanke ta da kananzir."

"Ba zan yi ba."

Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya ce, "Ya ce in tsohuwar ba ta da amfani ko ga wannan, masu mota na nan tafe ranar Lahadi. Ni ba ni na faɗa ba. Ni ma yara gare ni a makaranta. Ka zaɓa, burushi ko mota."

Na fito na tarar da Baba Tanko yana tsefe mata geza. Baba Tanko mutumin Izom ne, shi ke bin gefen yaro in ina riƙe da ragama, kuma ya girme ni da kusan shekara goma. Na faɗa masa. Ya ajiye matsefi.

"Hannuna ba ya ciki," in ji shi. "Bar su su kai ta mota. Wuƙa sau ɗaya ce."

Na zage shi. Na ce masa ba shi da imani, shekara nawa tana ɗauke masa nauyi, yau yana yi mata fatan wuƙa. Bai rama ba. Ya ce, "Isuhu, kai ne shugaba," ya tafi yankan ciyawa.

Ni lissafin da na yi shi ne: awa uku ba ta kashe doki in mai shi na tsaye a kansa. Zan bar cikin ba fenti, da tsakanin cinyoyi, da ƙarƙashin wuya, ta riƙa hucewa ta nan. Zan riƙa kai ta inuwa. Ta wuce Asabar, ta tsira daga Lahadi. Na ga kamar na fi kowa dabara.

Da na dawo daga masallacin Juma'a na wanke mata farar ƙasar, na ɗauki burushi. Ta tsaya cik. Warin fentin na sa ta atishawa, amma ba ta ja da baya ba, sai ma ta riƙa juyo da kai tana shinshina aljihuna, don nan nake ajiye mata ɓawon kankana. Ni da hannuna. Ba wanda ya riƙe mini wuya.

Ranar Asabar da sassafe Anti Bilki ta iso da motoci biyu na kaya da mai hoto. Mai hoton ya durƙusa ya ɗauka daga ƙasa, ya nuna mata. Jan ciki ya fito.

"Baba, me ke nan? Rabi fari rabi ja, kamar an fasa aiki? Yara gajeru ne, cikin za su fara gani."

Na ce ta nan za ta yi numfashi. Ta ce ita ta san da hanci ake numfashi. Ma'aikatanta suka kwashe da dariya. Na dubi Oga, Oga ya dubi ƙasa. Na ɗauko burushi na rufe sauran. Wannan shafar ta biyu ita ce ba na yafe wa kaina. Ta farko ina da hujja. Ta biyu kunyar dariyar yara ce kawai ta sa ni.

Suka barbaɗa mata ƙyalƙyali tun fentin bai bushe ba, suka rina gezar ruwan hoda da shuɗi, suka ɗaura ƙahon roba a goshi. Gaskiya ta yi kama da na cikin wayar. Ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Ƙarfe sha ɗaya aka fara. Kun san ranar Maris a garin nan, ta sama na dukanka, duwatsu na maido maka da ita ta ƙasa. Yara sun haura talatin, duk an sa musu fukafukai na leda a baya. Mun fito da wasu dawaki biyu don a raba nauyi, ba yaron da ya kalle su. Kowa yunikon. Wanda aka ce ya hau wani sai ya faɗi ƙasa yana birgima, uwarsa ta taso.

Bayan yara biyar na ja ta gindin mangwaro, Baba Tanko ya ɗauko guga. Sai ga Anti a guje, takalmi a hannu.

"Kar ku zuba mata ruwa! Ƙyalƙyalin zai zube, ba a yi babban hoto ba!"

Na ce to ta sha. Ta sa baki a gugan, ta ɗan tsotsa, ta ɗago. Dokin da ya yi aiki a rana ya ƙi ruwa, ko ɗan koyo ya san ba lafiya ba.

Wajen sha biyu da rabi na sa hannu a wuyanta. A bushe, da zafi kamar bayan motar da ta yini a rana. Fentin ya yi ƙuraje-ƙuraje, gumi ya taru a ƙarƙashi ya rasa hanyar fita. Baba Tanko ya fasa ɗaya da farce, ruwa mai zafi ya gangaro. Hancinta a buɗe, haƙarƙari na sama da ƙasa. Ƙa'idar da ni na kafa ta ce sauke sirdi. Ina da ikon, aikina ke nan. Maimakon in sauke, sai na tafi neman izini.

Oga ya ce, "An gama da sauran yara. Saura shigowar mai bikin kawai, daga bishiya zuwa teburin kek. Babanta na hanya, an ce ya wuce Madalla."

Daga Madalla zuwa wurin nan, in kura ta biyo ka, ko a ƙafa ba za ka yi awa biyu ba. Mutumin nan sai kusan ƙarfe uku ya iso. Duk tsawon lokacin Laraba na tsaye da sirdi da ƙaho, don an ce kowane lokaci zai shigo. Na sassauta majayi a ɓoye. Baba Tanko na ta ɓantare fenti a ƙarƙashin geza inda ba a gani. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da jiniya ta shigo aka kawo yarinyar. Nana sunanta, shekara shida, da giɓi a gaba. Ita kaɗai ce a taron nan ta gaishe ni.

"Baba, ina wuni? Yaya sunanta?"

Na ce Laraba.

"Me ya sa take warin sabon gida?"

Na ɗaure majayi, Baba Tanko ya ɗora ta. Ta shafa wuyan, ta janye hannu da sauri, ta ce, "Baba, zazzaɓi take yi." Yarinya 'yar shekara shida. Manya ɗari a wurin, da digirorinsu, ita ce ta faɗa.

An shimfiɗa jan kafet daga mangwaron zuwa teburin, bai fi taku arba'in ba. Mai kiɗa ya saki sifika, aka ɗaga wayoyi. Na ja, ta biyo ni. Wanda ya daɗe da ragama a hannu ya san igiya na magana. A wajen taku na ashirin na ji ta yi nauyi, sannan na ji tana rawa. Na waiga na ga gwiwoyin gaba na karkarwa, idon ya juye. In ta kife da yarinyar a kai, ta gefen Baba Tanko za ta faɗi, ta danne su duka biyu.

Na saki ragama, karo na farko a rayuwata. Na cafko yarinyar ta hammata na fizge ta. Rigar ta maƙale a sirdi, ta kece tun daga ƙugu har ƙasa. Ƙafarta na barin sirdin, Laraba ta durƙusa, sannan ta kwanta a gefe, ƙasa ta amsa. Masu son daɗin labari suna cewa wai jira ta yi sai da aka sauke yarinyar. Ni ban sani ba, dabba ce. Abin da na gani ke nan.

Kun san me mutanen suka yi? Tafi. Mai magana a lasifika ya ce yunikon na gaida mai bazde, a ƙara mata tafi. Sai da uwar ta ga rigar ta ƙwalla ihu. Wani ƙato cikin masu tsaron uban ya ture ni a ƙirji na faɗi zaune, yana tambayata da Turanci wa ya ba ni izinin taɓa 'yar oga. Nana na kuka tana miƙa hannu wajen Laraba, aka ɗauke ta aka yi cikin rumfa da ita.

Anti Bilki ba ta ɓata lokaci ba, a nan na san ta iya aikinta. Ta sa aka ciro babban allon ƙyallen da ake tsayawa gabansa a yi hoto, mai zanen bakan gizo, aka kafa shi tsakaninmu da jama'a. Aka ƙara kiɗa. Ta wancan gefen suna waƙar bazde suna yanka kek. Ta wannan gefen, taku goma tsakani, ni da Baba Tanko muna durƙushe da galan na kananzir da tsumma.

Kananzir na cire fenti, amma da gashi yake tafiya. Duk inda na goga sai fata ta fito ja, tana ɗaukar zafi. Baba Tanko ya tashi ya nufi wurin masu abinci, ya ce su ba shi ƙanƙara. Suka ce ta lemon baƙi ce. Tsohon nan da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya kifar da kular ƙanƙarar gaba ɗaya, kwalabe suka watse, ya kwaso ƙanƙarar a rigarsa. Muka jera mata a wuya da tsakanin cinyoyi. Na cire ƙahon na jefar. Ta ɗago kai sau biyu tana son tashi, ƙafafun suka ƙi. A na ukun ba tashi take so ba, hancinta ta kawo wajen aljihuna. Ba komai a ciki. Ranar na manta ban sa ba.

Ana kiran la'asar a masallacin bakin titi ta yi shure-shure ta daina. Ta bayan ƙyallen ina jin ana raba wa yara jakunkunan tsaraba.

Likita ya iso bayan an watse. Ya zagaya ta, ya sa yatsa ya ɓantari fentin, ya shinshina. Ya ce, "Wa ya shafa mata wannan?"

Oga Bitrus na tsaye. Anti Bilki na can tana lissafa kujerunta a mota.

Na ce, "Ni ne."

Ya san ni shekara da shekaru. Ya cire tabarau ya ce, "Kai, Malam Isuhu? Kai da ka fi kowa sani?" Turin da ƙaton nan ya yi mini bai kai wannan ciwo ba.

Ranar Lahadi da safe ni da Baba Tanko muna haƙa rami a bayan barga, ƙasar bazara kamar dutse, sai ga babbar mota a ƙofa. Dillalin ya sauko yana saƙe haƙori da tsinke.

"Salamu alaikum. Ina tsohuwar jar nan?"

Na nuna masa da diga. Ya leƙa, ya ga fari-fari da ja-ja, ya ja tsaki.

"Ash! Ko fatar ba ta moruwa. Mu da muka gama magana da maigida tun makon jiya. Cewa ya yi mu bari ta yi masa bikin Asabar tukuna, mu zo Lahadi mu ɗauka."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Tun makon jiya, kafin Anti Bilki ta taka ƙofar nan, kafin a yi zancen fenti. Ashe ko ta yi fari ko ba ta yi ba, motar na zuwa. Burushi ko mota da aka ce in zaɓa, babu zaɓi a ciki. An dai ga inda zuciyata take ne aka ɗaura igiya a wurin aka ja. Na je na sami Oga da digar a hannuna, har ya ja da baya. Ya rantse da Littafinsa bai sani ba, abin da aka faɗa masa a waya shi ya faɗa mini. Wataƙila gaskiya ne. Har yau ban sani ba, kuma sanin ba zai tone ta ba.

Na koma ramin. Baba Tanko bai ce ai na faɗa maka ba. Cewa ya yi, "Kama ƙafar baya." Muka ja ta muka rufe.

Ranar Litinin aka ba ni takarda. Na kai wa wani ya karanta mini don Turancin ya fi ƙarfina. Wai sakacin shugaban barga ya jawo asarar dabbar gona da ɓacin ran baƙi. Ba sunan fenti a ciki, ba sunan wanda ya ce a shafa. Oga ya ce kora aka ce, shi ya roƙa aka bar ni a kan shebur. Na karɓa. Ina za ni da furfura? Baba Tanko kuwa, saboda kular da ya kifar, aka sallame shi. Yana Izom yana noman doya, in na je ya ba ni biyu, ba ma tada zancen.

Hoton da ke kan allon ƙofar shiga, wanda kuke wucewa ta ƙarƙashinsa kullum, yarinya mai giɓi a kan farin doki mai ƙaho, shi ne. An ɗauke shi kamar taku biyar kafin Laraba ta faɗi. In kun matsa kusa ku dubi gwiwar gaba. Har yanzu mutane na bugo waya suna cewa irin wancan suke so. Sau ɗaya wanda ya gaje ni ya ɗauko ragowar bokitin fentin yana shawara. Na karɓe shi na juye a ramin kashi a gaban kowa, na ce wanda ya isa ya kore ni. Ba a kore ni ba. A ranar na gane da na yi haka tun farko, iyakar abin da zai faru ke nan, ko kuma su kore ni, ta tafi a mota da fatarta a jikinta.

Abin da aikin nan ya koya mini ba shi da daɗi, amma ku riƙe. A barga, dokin da ba ya shuri shi ake kashewa. Janar na nan da ransa, ya yi ƙiba, ba wanda ya taɓa tunkararsa da burushi. Ma'aikata ma haka ne. Masu biki ba mugaye ba ne, ba su san doki ba ne kawai, hoto suka zo saya. Manaja tsoro yake ji, maigida ba ya nan. Duk wurin mutum ɗaya ne ya san abin da bushewar wuya ke nufi, shi ne mai ragama a hannu, kuma ranar da abu ya lalace sunansa ne kaɗai zai shiga takarda. Saboda haka in an kira ka ofis aka ce ka zauna, aka ba ka zaɓi biyu duka munana, ka sani ba dole ne ka ɗauki ko ɗaya ba.

Ku sa hannu a wuyan doki. In kun ji shi a bushe, ku sauke yaron, ko ɗan wane ne, kada ku je neman izini. Ni na je. Kabarin na bayan barga, inda ciyawa ta fi tsawo, nan nake juye shebur ɗina kowace safiya.